Rafalin Da Ba A Ganin Fuskarsa

Mai karatu, in kana kallon ƙwallo ka san rafali. Ga shi nan da usur a baki, kana ganin katin da ya ɗaga, in ya cuci kulob ɗinka ka san wanda za ka yi wa ihu. To akwai wani rafalin da ba a ganin fuskarsa. Ba ya busa usur, galibi ko sisi ba a biyansa, amma da rubutun shafi biyu yana iya tsayar da aikin da wani ya shekara biyar yana fama da shi. Shi ne mai tantance maƙala a mujallun ilimi. Ba kuma ni na raɗa masa sunan ba, Turawan Ingila tun ƙarni na 19 rafali suke ce masa.

Kada ka ce ina ruwanka da shi. Duk sanda ka ji a rediyo an ce "bincike ya nuna", to akasari ta hannunsa maganar ta biyo. Maganin da likita ya rubuta maka, sai da wani irinsa ya karanta sakamakon gwajinsa. Kai hatta abin da masana suke rubutawa a kan finafinanmu da littattafanmu, irin maƙalar Brian Larkin a kan finafinan Indiya da masoyan ƙasar Hausa, wadda ta fito a mujallar Africa a 1997, irin waɗannan mujallu ne gidansu, kuma ƙofar gidan ba ta buɗuwa sai da yardar rafali.

Ga yadda abin yake tafiya a yau. Masani ya gama bincike, ya rubuta, ya aika wa editan mujalla. Edita ya duba, in ya ga shirme ne ya mayar masa nan take. In ya ga da alamar magana, sai ya nemo mutum biyu ko uku 'yan fannin, ya aika musu. Marubucin bai san su ba, a wasu mujallun su ma ba su san shi ba. Bayan makonni ko watanni kowa ya dawo da rahotonsa: a buga, ko a gyara kaɗan, ko a yi babban gyara, ko a yi watsi. Edita ne mai yanke hukuncin ƙarshe, amma da wuya ya tsallake bakin rafalinsa.

In ka tambayi malaman jami'a yaushe aka soma wannan, da yawa za su ce maka tun 1665, shekarar da Henry Oldenburg, sakataren ƙungiyar masana ta Landan da ake kira Royal Society, ya fara fitar da mujallar Philosophical Transactions. Wasu ma sukan koma baya har ƙarni na 9, su kawo Is'haƙ bin Ali al-Ruhawi, likitan garin Ruha, wato Urfa ta ƙasar Turkiyya a yau. A littafinsa Adabuɗ Ɗabib ya ce likita ya riƙa rubuta abin da ya yi wa majiyyaci, domin in an warke ko an mutu, 'yan'uwansa likitoci su duba su ga ko ya yi daidai. Magana ce mai kyau, amma wannan binciken aikin likita ne, ba tantance rubutu kafin ɗab'i ba. Shi ma Oldenburg ɗin, mujallar tasa ce ta kansa. Wasiƙun da masana suke aiko masa yake zaɓa ya buga, riba tasa, faɗuwa tasa. In ka lura, bai da maraba da editan mujalla irin wadda ke hannunka. Sai a 1752 ƙungiyar ta karɓi mujallar ta kafa kwamiti mai jefa ƙuri'a a kan abin da za a buga.

Rafali mai rubuta rahoto kuwa, a 1831 aka yi cikinsa. Wani malamin Jami'ar Kambirij, William Whewell, ya ga yadda ake yi a majalisar masana ta Faransa, inda manya suke rubuta rahoto a kan aikin da aka kawo musu. Sai ya ce a kwaikwaya. Amma fa burinsa ba tsare ƙofa ba ne. So yake manyan masana su riƙa rubuta sharhi da sunansu, a buga kowa ya karanta, don kimiyya ta samu kasuwa a idon jama'a. Wato dai irin aikinmu na masu sharhin fim.

Gwajin farko ma da rigima ya zo. An ba Whewell da wani ma'aikacin banki masanin lissafi, John William Lubbock, maƙalar George Airy a kan tafiyar duniya da tauraruwar da mu muke kira Zara matar wata. Whewell ya ga aiki mai muhimmanci ya yaba. Lubbock kuwa ya tsaya a kan cewa tsarin lissafin bai yi masa ba. Suka yi watanni suna ja-in-ja, shi kuma Airy ya ji haushi ya ce ba abin da zai canza. Da ƙyar Lubbock ya sa hannu, aka karanta rahoton a bainar jama'a a watan Maris na 1832. Ba a je ko'ina ba aka gane cewa wannan hanyar za ta raba zumunci. Cikin 'yan shekaru rahotanni suka koma na sirri, ba suna, ba bugawa. Ka ji inda rafali ya samo rawanin da ya rufe fuskarsa.

Riƙe sunan Lubbock ɗin nan, don yanzu zai dawo.

A 1845 wata maƙala ta iso Royal Society daga Bombai. E, Bombai ɗin da ka sani ta su Amitabh Bachchan, sai dai a lokacin ko kyamarar fim ba a ƙirƙiro ba. Marubucin wani ɗan Sikotland ne, John James Waterston, yana koyar da ɗaliban aikin jirgin ruwa na kamfanin Turawa mai mulkin Indiya. Ba farfesa ba ne, ba wanda ya san shi a Landan. Abin da ya ce shi ne: iska ba komai ba ce illa tarin 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu gudu suna karo da juna, kuma abin da muke ji muna cewa zafi, saurin gudun nasu ne. Ya kawo lissafi ya kafa hujja. Yau wannan karatun 'yan sakandare ne.

Aka ba mutum biyu su duba. Ɗaya shi ne Baden Powell na Jami'ar Okusfod, mahaifin wanda ya kafa ƙungiyar 'yan sikawut. Shi dai ya ce tushen maganar yana da wuyar karɓa. Na biyun kuwa gogan naka ne, Lubbock. Hukuncinsa a gajarce yake: wannan shirme ne tsagwaronsa, bai ma cancanci a karanta shi a gaban ƙungiya ba. Shi ke nan. Bai nuna layin da lissafi ya karkace ba, bai ce gyara nan ka dawo ba.

Abin takaicin bai tsaya nan ba. Dokar ƙungiyar ita ce, takardar da ta shigo ta zama tata, ba a mayarwa. Waterston kuma bai ajiye kwafe ba. In kai marubuci ne da ka taɓa ba wani furodusa labarinka na hannu guda ɗaya tilo, ya ce ka dawo jibi, jibin ta zama shekara, to ka san irin wannan ciwon. Takardar ta kwanta a ma'ajiya. Bayan shekara goma sha biyu Rudolf Clausius a Jamus ya fito da irin wannan bayani a 1857, James Clerk Maxwell ya biyo a 1860, suna ya zama nasu. Waterston ya koma garinsu Edinbara. Ran 18 ga Yuni, 1883 ya fita daga gida, ba a sake ganinsa ba, ana kyautata zaton ruwa ne ya ci shi.

Sai a 1891 Lord Rayleigh, sakataren ƙungiyar na lokacin, ya tono takardar daga ma'ajiya. Ya karanta ya riƙe baki. A 1892 ya sa aka buga ta, shekara 47 bayan isowarta, kuma a gabatarwar da ya rubuta ya ƙiyasta cewa watsin da aka yi da ita ya jawo wa fannin jinkirin shekara goma zuwa goma sha biyar. Amma ka ji shawarar da ya ba matasa a wannan gabatarwar: wai wanda yake jin zai iya babban abu, gara ya fara da ƙaramin aikin da za a gane da sauƙi, ya yi suna tukuna. Ni dai wannan shawara ba ta kwanta mini ba. An kashe mutum da ransa, sannan a ce laifinsa ne da bai fara yin suna ba? Sai dai kuma, tsakani da Allah, wane sabon marubuci ne a Kano bai ji irinta ba daga bakin 'yan kasuwa?

In da a nan labarin ya ƙare, da sai mu ce rafali mugu ne, a kore shi. To saurari na biyun.

Albert Einstein ya taso a tsarin Jamus, inda edita ke yanke hukunci da kansa. Maƙalunsa na 1905 da suka girgiza duniya, mujallar Annalen der Physik ta buga su ba tare da an aika wa wani rafali na waje ba. A 1933 ya koma Amurka, ya zauna a Princeton. Tun 1916 lissafinsa ya nuna cewa in manya-manyan halittun sama suka motsa, sararin kansa yana kaɗawa, kamar yadda ruwan tafki ke yi in ka jefa dutse. A 1936 shi da mataimakinsa Nathan Rosen suka sake bin lissafin, sai suka ga kamar wannan kaɗawar ba ta wanzu ba. Wato Einstein zai ƙaryata Einstein. Suka rubuta, suka aika wa mujallar Physical Review.

Editan, John Tate, ya yi abin da ba kowa ne zai iya ba: ya aika wa rafali takardar Einstein. Ka ƙaddara a ce babban darakta da duk industiri ke rusuna wa ya kawo fim, sai a ce a ba wani yaro ya duba ko labarin ya haɗu. Rahoto ya dawo, shafi goma cur, yana bin lissafin daki-daki. Abin da rafalin ya gano shi ne, matsalar da su Einstein suka gani ba a cikin halitta take ba, a cikin ma'aunin da suka zaɓa take. Mu 'yan fim sai mu ce: tabon a gilashin kyamara yake, ba a fuskar jarumar ba. Canza gilashi, tabo ya ɓace.

Tate ya aika wa Einstein rahoton cikin ladabi, ya ce zai so ya ji ra'ayinsa. Tirƙashi! Ran 27 ga Yuli, 1936 Einstein ya mayar da amsa da Jamusanci. Ma'anar abin da ya ce: mun aiko maka ne ka buga, ba mu ba ka izinin nuna wa wasu ba kafin a buga, ban ga dalilin da zan tsaya amsa maganganun wani masani marar suna ba, waɗanda ma kuskure ne, zan kai takardata wani wuri. Ya kwashe ta ya kai wa wata ƙaramar mujalla ta cibiyar Franklin da ke Filadelfiya, suka karɓa yadda take.

A nan ne labarin ya zama fim. Rafalin nan ashe maƙwabcinsa ne, Howard Percy Robertson, malami a Jami'ar Princeton, ɗan shekara 33, lokacin Einstein yana da 57. Ba ya gari sanda ya rubuta rahoton. Da ya dawo gida bai je ya ce wa kowa ni ne ba. Rosen ya riga ya tafi Tarayyar Sobiyat, Einstein ya yi sabon mataimaki, Leopold Infeld. Sai Robertson ya ƙulla abota da Infeld. Wata rana Infeld yana ba shi labarin gagarumin abin da maigidansa ya gano, Robertson ya ce shi fa bai gamsu ba, su zauna su bi lissafin. Suka bi, kuskure ya fito fili. Infeld ya garzaya ya gaya wa Einstein, shi kuma ya ce ai shi ma a daren jiya ya gano. To, Allah ya sa haka ne.

Takardar tana hannun maɗaba'a Einstein ya bi ta da gyara. Da ta fito a farkon 1937, kanun ya canza, sakamakon ya juye: kaɗawar sarari tana nan daram. A ƙarshenta har da godiya ga Robertson saboda taimakon da ya yi na abota. Physical Review kuwa, Einstein bai sake kai mata cikakkiyar maƙalar bincike ba. Sai a 2005 wani masanin tarihin kimiyya, Daniel Kennefick, ya bayyana shaidar da ke cikin tsohon kundin rajistar mujallar, inda aka rubuta sunan Robertson a gaban takardar Einstein. Ran 14 ga Satumba, 2015 na'urorin LIGO a Amurka suka kama wannan kaɗawa a karon farko, daga karon wasu baƙaƙen ramuka biyu na sama. Ɗaya daga cikin mutum ukun da suka ci kyautar Nobel a kan haka a 2017 shi ne Kip Thorne, wanda in ka kalli Interstellar na 2014 ka ga aikinsa, don shi ne mashawarcin fim ɗin a kan kimiyya.

Yanzu ɗora mutanen nan biyu a sikeli. Dukansu masana ne, dukansu an ɓoye sunansu. Lubbock ya samu takardar wanda ba kowa ba, ya kashe ta da jimla guda. Robertson ya samu takardar wanda ya fi kowa, ya zauna ya rubuta shafi goma, aka watsa masa ƙasa a ido, bai yi zuciya ba ya sake biyowa ta bayan gida. Ɓoye sunan da ya ba Robertson ƙarfin halin gaya wa Einstein ka yi kuskure, shi ne dai ya ba Lubbock damar yin wulaƙanci ba mai tuhumarsa.

Abin da zai ba ka mamaki, duk wannan bai zama doka a ko'ina ba sai kwanan nan. Maƙalar Watson da Crick ta 1953 a kan ƙirar ƙwayar gado, mujallar Nature ba ta aika wa rafali ba. Sai a 1973 Nature ta mayar da tantancewar waje tilas ga kowace maƙalar bincike. Abubuwa ne suka taru. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatoci, musamman Amurka, suka zuba kuɗi a bincike, maƙalu suka yi wa editoci yawa. Injin fotokwafi na Xerox ya fito a 1959, aka huta da tafireta da takardar kabon. Sannan 'yan siyasa suka fara tambayar ina kuɗin jama'a ke tafiya. A 1975 majalisar dokokin Amurka ta zauna a kan yadda hukumar kimiyya ta ƙasar ke raba kuɗin bincike. Amsar masana ita ce: ku bar mana, mu muke tantance junanmu. Daga nan rafali ya tashi daga mai ba edita shawara ya zama hatimin gaskiya.

Hatimin kuwa ya fi ƙarfinsa. Rafali takarda kawai yake gani. Ba ya zuwa ɗakin gwaji, ba ya sake gwajin, in aka shirya masa ƙarya da kyau zai sa hannu. Maƙalar Andrew Wakefield da ta danganta wata allurar rigakafin yara da lalurar galahanga ta fito a The Lancet a 1998, a kan yara 12 kacal. Ɗan jarida ne, Brian Deer, ya tono asirinta, kuma sai a 2010 mujallar ta janye ta, bayan iyaye da yawa sun guji allurar. A 1982 kuma wasu masana biyu, Peters da Ceci, suka ɗauki maƙalu 12 na malaman manyan jami'o'i, suka cire sunayen suka sa na bogi da cibiyoyin da babu su, suka mayar wa mujallun da suka riga suka buga su. Uku kawai aka gane. A cikin taran da suka rage, takwas aka yi watsi da su, wai aikin bai inganta ba. Cire hoton jarumi daga fosta ka ga ko kasuwa za ta karɓi fim ɗin.

Mu nan gida abin ya shafe mu ta fuska biyu. Jami'o'inmu suna da mujallunsu na Hausa, irin su Harsunan Nijeriya da Algaita a Jami'ar Bayero, da Ɗunɗaye a Sakkwato, kuma ƙarin girman malami yana rataye da yawan abin da ya buga. Inda duk aka ce sai da takarda, to 'yan damfara sun samu kasuwa. A 2013 ɗan jaridar mujallar Science, John Bohannon, ya ƙirƙiri maƙalar bogi cike da kurakurai, wai an samo maganin kansa a jikin wani irin gansakuka. Ya aika wa mujallu 304 masu karɓar kuɗi kafin su buga, 157 suka karɓa. Sunayen marubutan da ya ƙirƙira na Afirka ne, cibiyoyin ma haka, don ya san ba wanda zai yi mamaki in ya neme su a intanet bai gan su ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi shiru.

Fuska ta biyu ita ce tamu ta fim da littafi. Muna da mai tacewa: Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano tun 2001 take. Amma tacewa daban, tantancewa daban. Mai tacewa yana tambayar ko an saɓa wa doka da tarbiyya. Ba aikinsa ba ne ya ce maka yarinyar da ta mutu a kashi na ɗaya ga ta tana tuƙa tuwo a kashi na biyu ba bayani. Muna kuma da mai sharhi irina, wanda sai an gama ɗauka, an kashe kuɗi, fim ya shiga kasuwa, sannan ya zo da alƙalaminsa. Ihu bayan hari ke nan. Wanda ba mu da shi sosai shi ne na tsakiya: ɗan'uwanka marubuci da zai karanta labarin kafin a tafi lokeshin, ya ce shafi na 40 ya ƙaryata shafi na 12. A zaman karatu na ƙungiyoyin marubuta ana ɗan taɓawa, amma ido da ido ne, ido kuwa wa ka raina. Wa zai dubi wanda ya girme shi, ko wanda yake sa ran zai saka shi a fim na gaba, ya ce Yallaɓai labarin nan bai dahu ba? Sai dai a ce "ma sha Allah, Allah ya ƙara basira", a fita waje a yi gulma. Kunyar nan tamu ita ce babbar hujjar ɓoye suna. Amma in aka ɓoye, a industirin da kowa ya san salon kowa, ga gaba ga kishi, Lubbock nawa kake jin za mu samu kafin mu samu Robertson ɗaya?

Su ma Turawan ba su gama warware wannan ba. Tun 1999 mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, ta fara gaya wa marubuci sunan wanda ya duba aikinsa. Nature kuma daga watan Yuni na 2025 ta ce duk sabuwar maƙalar bincike da aka kawo mata, in ta buga ta, za ta buga har da rahoton rafali da amsar marubucin, kowa ya karanta. Sunan rafalin dai yana nan a rufe, sai in shi ya ce a buɗe. Rabin abin da Whewell ya nema ke nan a 1831.